A kawo shi Kumasi ko a yi masa magani a gida? Shawara ga mai ɗan'uwa manomi da damuwa ta kayar

Da wuya ka shiga gida a unguwannin Kumasi irin su Aboabo, Asawase, Sawaba ko Moshie Zongo ka tarar ba su da ɗan'uwa a gona. Wani wansa na noman masara a Ejura, wani mahaifinsa na da gonar doya a wajen Atebubu ko Salaga, wata kuma ƙaninta albasa yake yi a yankin Bawku. Buhun da ke shigowa bayan girbi daga can yake fitowa, kuma in abu ya lalace a can, mutanen Kumasi ake fara kira. Wani kiran na kuɗin taki ne, wannan da sauƙi. Mai wuyar shi ne a ce maka Yaya ya daina barci, ya daina fita majalisa, abinci sai an matsa masa, ciyawa ta cinye gona yana zaune ya zuba wa ƙasa ido. Ko a ce yana surutu shi kaɗai, yana rantsuwa maƙwabci ya binne masa wani abu a kunya. Nan take 'yan'uwa kan rabu biyu: masu cewa a sa shi a mota a kawo shi inda manyan likitoci suke, da masu cewa a bar shi a ɗakinsa a nema masa magani a can.

Abin da ke kayar da manomi ba ɓoyayye ba ne. A 2024 ruwa ya ɗauke cikin Yuli da Agusta a arewa da tsakiyar ƙasar nan ta Ghana, masara ta bushe a tsaye, har gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken soya zuwa waje. Tsutsar da ke cin zuciyar masara ta shigo tun wajen 2016, ba ta kuma fita ba. Masu gona a bakin kogin Farin Volta kusan kowace shekara suna zaman zullumin ranar da za a buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso. A Agogo akwai rikicin manoma da makiyaya, a Bawku akwai na sarauta. A ƙarƙashin duk wannan kuma ga bashi: kuɗin tarakta, na taki, na maganin ciyawa, wanda sau da yawa 'yar kasuwa ce ta bayar da sharaɗin a biya ta da buhu in an girbe. Shekara ta ƙi, buhu babu, sharaɗi na nan. Mutumin da duk gari ya sani da cika alkawari ya koma yana kauce wa hanyar kasuwa.

Baƙin ciki bayan asara ba ciwo ba ne, kowa na yi. Yana zama ciwo idan ya zauna kullum har mako biyu ko fiye, ya ɗauke barci da cin abinci da ƙarfin aiki, ya sa mutum ganin kansa ba shi da amfani. Manomi kuwa ba zai ce maka yana cikin damuwa ba. Cewa zai yi kansa na zafi, ƙirjinsa ya yi nauyi, wani abu na yawo a jikinsa, gaɓoɓinsa sun mutu. Zai sha maganin zazzaɓi da na ƙarin jini daga kemis har ya gaji. Shi ya sa labarin kan iso Kumasi a makare.

Akwai halin da babu zaɓi a cikinsa, gara a fitar da shi tun yanzu. Idan mutum ya fara maganar mutuwa ta fi masa, yana rabar da kayansa, yana neman gafarar mutane ba dalili. Ko ya daina ci da sha gaba ɗaya. Ko yana neman ji wa wani rauni. Ko kuma ruɗewar ta zo farat ɗaya tare da zazzaɓi, sanƙarewar wuya ko jijjiga, to asibiti mafi kusa za a nufa a ranar, ba Kumasi ba. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai da sanƙarau, wanda ke yawa a arewa lokacin zafi, duk suna iya zuwa da kamar taɓin hankali, kuma ba sa jiran a gama taron dangi. Lambar gaggawa 112 ce. Tsoron 'yan sanda ma ya kau: a watan Maris na 2023 majalisar dokoki ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka, wanda ya yi yanzu majinyaci ne, ba mai laifi ba.

Sauran, wato mafi yawa, su ne ake ja-in-ja a kansu.

Abin da Kumasi ta fi ƙauye da shi a fili yake. Asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda kowa ke kira Gee, yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa da ƙwararrun likitoci da masu ba da shawara ta hanyar zama a yi magana. Asibitin gwamnati na Tafo ma an daɗe da saninsa da wannan aiki. Amfanin ƙwararre ba wai yana da wata ƙwaya ta daban ba ne, a'a, yana iya rarrabe abubuwan da suka yi kama da juna: damuwa zalla, ciwon da ke hawa da sauka tsakanin zumuɗi da karyewar zuciya, taɓin hankali mai sa jin muryoyi, farfaɗiya, ko illar ƙwaya. Maganinsu ba ɗaya ba ne, kuma maganin damuwa da aka ba mai ciwon hawa da sauka shi kaɗai yana iya tayar masa da zumuɗin. Ga ɗakin gwaji a duba jini da sukari da sauransu. Ga manyan shagunan magani, in babu a wannan akwai a wancan. Sannan tafiyar kanta kan ba mutum hutu daga ganin gonar da ta mutu da fuskar mai bin sa bashi.

Sai dai mutanen arewa su lura da taswira. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati uku ne, duka a kudu: na Accra da aka buɗe a 1906, Ankaful kusa da Cape Coast a 1965, da Pantang a 1975. Wannan ne ya sa mutane suka saba tunanin magani sai an gangaro. Amma asibitin koyarwa na Tamale yana da nasa sashen. Wanda yake Walewale, Yendi ko Bawku, ya wuce Tamale ya ƙara kusan kilomita 380 zuwa Kumasi da mutumin da ba ya barci, ban ga hikimar ba, sai in a Kumasi ne kaɗai yake da mai riƙe shi. Na Ejura kuwa, da bai fi tafiyar awa biyu zuwa uku ba ta hanyar Mampong, yana iya zuwa da safe ya ga likita ya kwana a gida.

Yanzu ga abin da masu cewa a kawo shi ba sa son lissafawa. Ina zai kwana? Gidajen zango ɗaki ɗaya ne da baranda, mutum biyar ko shida, banɗaki na kowa da kowa, rediyon maƙwabci har tsakar dare. Wanda barci ya gagare shi a shirun ƙauye ba a nan zai same shi ba. Da asuba kowa ya watse: Hajiya ta tafi kasuwar Kejetia, samari sun hau aboboya da pragya, babura masu ƙafa uku na haya, yara sun tafi makaranta. Baƙon da aka kawo don a sa masa ido sai ya wuni shi kaɗai a kan benci. Ana cewa a birni asiri ya fi rufuwa. A Accra cikin mutanen da ba su san ka ba, wataƙila. A gidan haya na zango, kafin Juma'a ta zagayo kowa ya san an kawo wani daga ƙauye kansa ya taɓu, yara na leƙensa.

Babbar asarar kuma ita ce ta matsayi. A garinsu shi mai gida ne, ana gaishe shi, ana tambayarsa yaushe za a yi shuka, yana da sahunsa a masallaci. A Kumasi ya zama wanda ake miƙa wa kuɗin koko. Ciwon damuwa dama abin da yake raɗa wa mutum ke nan, cewa ya zama kaya a wuyan mutane, sai ga shi mun shirya masa zaman da ke gaskata raɗar. Dashe in ya yi saiwa ba a tumɓuke shi a ce ana taimakonsa. Ga harshe: a asibitin Kumasi Turanci da Twi ne suka fi yawo, shi kuma wataƙila Hausarsa ta kasuwa ce, abin da ke cikin zuciyarsa da Kusaal ko Dagbani ko Mampruli yake fita. In ƙaninsa ne tafinta, akwai maganar da ba zai taɓa faɗa a gabansa ba.

To gida fa? Mutane da yawa a zango ba su san yadda abubuwa suka canza ba tun bayan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012, wadda ta kafa hukuma ta musamman kuma ta karkata aikin zuwa cikin al'umma maimakon tara mutane a manyan asibitoci. Yau yawancin asibitocin gunduma suna da ɗan sashe da nas-nas da suka karanci wannan fanni, akwai kuma jami'an da kwalejin lafiya ta Kintampo ke horarwa musamman don aikin karkara. Suna duba majinyaci, suna ba da magani, suna yin allurar wata-wata ga masu taɓin hankalin da ba sa jure shan ƙwaya kullum, wasu kuma suna bin mutane har gida a babur. Ƙaramin asibitin CHPS na ƙauye zai iya nuna muku inda suke. A arewa ƙungiyar BasicNeeds, mai ofis a Tamale, ta daɗe tana haɗa majinyata da masu jinyarsu cikin ƙungiyoyin taimakon kai, inda mutum zai zauna da waɗanda suka sha irin abin da yake sha.

A gida yana tare da matarsa, wadda ta fi kowa sanin daren da ya yi barci da wanda bai yi ba. Yana iya fita gona ko na awa ɗaya ne, kuma komawa aiki kaɗan-kaɗan yana cikin maganin damuwa, ba jinkirta shi yake yi ba. Nas ɗin gunduma kan ji yaren garin, ya kuma san abin da ake nufi in an ce ruwa ya yi tsalle.

Illolin gida su ma ba ƙanana ba ne. Magani kan yanke a asibitin gunduma, a rubuta maka takarda ka je ka saya, shagon garin kuma ba shi da shi. Nas ɗaya ne ga ƙauyuka masu yawa, man babur ba kullum ake ba shi ba. Mai zama da kai a yi magana mai tsawo, irin wanda ake samu a Gee, da wuya a same shi. Bakin mutane a ƙaramin gari yana da kaifi, har ya shafi auren 'ya'ya. Kuma a ƙauye ne aka fi saurin kai mutum inda za a ɗaure shi.

Hatsari mafi girma kuwa yana ƙarƙashin gadonsa. Manomi na ajiye maganin ciyawa da na ƙwari a ɗakin da yake kwana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 20 cikin 100 na masu kashe kansu a duniya da irin wannan guba ne, galibi a karkara. Sau da yawa niyyar ta ɗan lokaci ce, bayan wata cacar baki ko zuwan mai bin bashi, in abin bai kusa da hannu ba sai ta wuce. Sri Lanka ta hana sayar da mafi haɗarin magungunan, yawan masu kashe kansu ya faɗi ƙwarai, noma kuma bai tsaya ba. Don haka duk wanda ya zaɓi a bar ɗan'uwansa a gida, aikin farko kafin ma a ga nas shi ne a kwashe magungunan feshi, da bindigar farauta in akwai, a kai gidan wani a kulle, makulli a hannun wani. In dangi ba za su iya wannan ba, ni dai na koma bayan masu cewa a kawo shi.

Maganar kuɗi takan ruɗi mutane saboda suna lissafin zuwa ɗaya. Doka ta ce jinyar ƙwaƙwalwa a asibitin gwamnati kyauta ce, amma wanda ya yi jinya ya san ana sayen magani. Daga Nuwamban 2024 inshorar lafiya ta NHIS ta shigar da ciwo huɗu cikin abin da take biya: damuwa, fargaba, ciwon hawa da sauka, da taɓin hankali mai tsanani. Wannan ya shafi asibitin gunduma kamar yadda ya shafi na birni, saboda haka a duba katinsa, in ya mutu a sabunta ta waya da *929#. Abin da inshora ba ta biya shi ne mota. Maganin damuwa irin su fluoxetine da amitriptyline ba ya nuna aikinsa sai bayan mako biyu zuwa shida, kuma bayan mutum ya ji sauƙi ana ci gaba da sha wata shida ko fiye, in ba haka ba ciwon ya dawo. Na taɓin hankali ya fi haka tsawo. Ke nan tambayar ba ita ce ina ne likita ya fi ƙwarewa ba. Tambayar ita ce ina ne za a iya komawa wata bayan wata har shekara ba a gaji ba. Kuɗin motar mutum biyu daga arewa zuwa Kumasi da komawa, sau goma, ya fi ƙarfin yawancin gidaje. Abin da ke faruwa shi ne a zo sau biyu, ya ji dama-dama, a daina, bayan wata huɗu a ce maganin asibiti ba ya aiki.

Ba za a yi wannan magana a zango a tsallake malamai ba. Da yawa kafin a kira Kumasi an riga an yi rubutu, an yi tofi, an yi ruƙiyya. Ba na cikin masu cewa a zaɓi ɗaya a bar ɗaya. An ma gwada haɗa su a nan garin: wani bincike da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Kumasi da Ibadan, aka buga a mujallar Lancet a 2020, ya sa ma'aikatan lafiya suna zuwa wurin masu maganin gargajiya da na addini suna duba masu taɓin hankali tare, kuma waɗanda aka yi wa haka sun fi samun sauƙi. Addu'a da ƙwaya ba sa faɗa. Iyakar ita ce: babu sarƙa ko mari, babu duka da sunan fitar da aljani, babu hana abinci, babu cewa a ajiye maganin asibiti. Hukumar lafiyar ƙwaƙwalwa ta haramta ɗaure majinyata tun 2017. A wannan fanni Kumasi da ƙauye duk akwai nagari akwai 'yan kasuwa. Malamin garinsu da ya san shi tun yana yaro, wanda zai zo ya zauna da shi bayan la'asar, ya fi mini wanda za a biya kuɗi mai yawa a bar masa shi a bayan gida.

Saurayin da ke shan tramadol don ya jure noman kwadago lissafinsa daban ne. Shi raba shi da abokan shan yana da amfani, amma kada a yaudari kai, abin da ya baro a ƙauye yana nan a lungunan birni. Kuma ba a yanke ta farat ɗaya ba tare da likita ba. Mace kuma, musamman mai jego da ta daina kula da jariri tana kuka ba dalili, sau da yawa ita kawo ta ya fi, in uwarta ko yayarta na Kumasi. A gidan miji aikin gona da na murhu da na ruwa ba za su ɗaga mata ƙafa ba, a gaban uwarta kuwa ba baƙuwa ba ce.

Lokacin shekara ma yana da ta cewa. A arewa damina ɗaya ce, wanda aka ɗauke a Yuni ya rasa shekara ɗungum, ya dawo ya tarar da bashin bara da na bana. A Ejura da Techiman da ake shuka sau biyu akwai ɗan sarari. In dole a ɗauke shi cikin damina, kuɗin da 'yan Kumasi za su tara ya fi amfani a biya 'yan kwadago ko a kira gayya a nome masa gonar, a turo masa hoto a waya ya gani.

Ga inda na tsaya. In babu haɗari a kusa, yana da mace ko ɗa mai hankali a gefensa, kuma akwai nas a gundumar, a fara a gida. In an yi wata biyu ana shan magani yadda aka ce ba canji, ko alamun sun rikice, ko ana shirin kai shi inda za a ɗaure shi, ko rikicin garin ne kansa ke hana shi barci, a kawo shi Kumasi ko Tamale, amma zuwan ganin likita, mako ɗaya ko biyu, ba ƙaura ba. Kuma kada a yaudare shi a ce biki za a je. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba ya ƙara yarda da kowa, har da maganin. Ƙani ya je da kansa, zuwa da kai ya fi aike, ya zauna ya ce: "Yaya, rashin barcin nan naka ya dame mu. Mu je likita ya duba, ni zan raka ka, gona kuma mun yi magana da Kawu." In sun keɓe ya tambaye shi kai tsaye: "Yaya, tsakaninka da Allah, tunanin kashe kanka yana zo maka?" Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa sauƙi take kawo masa. In ya ce e, ba lokacin wa'azin haramci ba ne, ya san hukuncin tun yana makarantar allo. A zauna da shi, kada a bar shi shi kaɗai, a nufi asibiti.

Kafin ya hau motar komawa, a karɓi takardar da likita zai rubuta wa asibitin gundumarsu, a rubuta sunan kowane magani da yadda ake shansa, a ɗauki hotonta a waya. A nemi lambar nas ɗin can tun ana Kumasi. Maganin ya zauna a hannun matarsa tana ba shi na kullum, musamman amitriptyline, wanda yawansa ke da haɗari. Wani babba ya je ya zauna da mai bin bashin a sake tsara biya, domin ƙwaya ba ta goge bashi. Sannan mutum ɗaya a Kumasi, ba "mu duka" ba, ya ɗauki nauyin kira duk mako yana tambayar ƙwaya nawa ta rage. In saura ta kwana goma kuma babu a asibitin can, ya saya a nan ya ba direban motar garinsu a tasha.